Kyamara a Hanyar Ayari: Tarihin Ɗaukar Hoton Hamada da Duwatsun Azbin

1. Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tun daga shekarar 1839, sa'ad da aka bayyana wa jama'a dabarar ɗaukar hoto a birnin Faris, wannan karin magana ya sami sabon ƙarfi, domin kuwa mutum yana iya zama a ɗakinsa ya ga dutsen da bai taɓa hawa ba, ko rairayin da bai taɓa takawa ba, har ya sakankance cewa ya san wurin. Daga cikin hotunan da suka fi jan hankalin mutanen Turai a ƙarni na 19 da farkon na 20 akwai na wuraren da suka ɗauka babu kowa a cikinsu, kamar hamada da ƙwanƙolin manyan duwatsu. Sahara tana cikin waɗannan wurare, kuma wani yanki nata, watau duwatsun Azbin da hamadar Tenere, yana da daɗaɗɗiyar dangantaka da ƙasar Hausa ta hanyar ayarin gishiri da fataucin Tarabulus.

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda kyamara ta shiga wannan yanki, da irin wahalar da aka sha kafin ta shiga, da kuma mutanen da suka ɗauke ta a ka ko a bayan raƙumi. Abin da take son nunawa shi ne, filin nan marar kowa da ake gani a tsofaffin hotuna ba kullum yake faɗin gaskiyar wurin ba. Wani lokaci na'urar ce ta kasa kama mai motsi, wani lokaci mai ɗaukar hoton ne ya kawar da mutane daga gabanta, wani lokaci kuwa yaƙi ne ya riga ya tashi garin. Harshen Hausa ya bambanta daji da kufai, amma hoto shi kaɗai ba ya iya wannan bambancewa.

2. Zamanin zane da alƙalami

Baturen farko da ya bar cikakken bayani game da Azbin shi ne Heinrich Barth, Bajamushe, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Barno da suna Abdulkarim. Ya tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, ya shiga Agadas a watan Oktoba na wannan shekara, sa'an nan ya bi ayarin gishiri na Azbinawa zuwa Damargu, ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851. Ko da yake an yi shekara 11 da ƙago ɗaukar hoto a lokacin da ya tashi, abin da ya komo da shi gida a 1855 zane ne na hannu da rubutu. Wani mai zane da ake kira Johann Martin Bernatz, wanda bai taka waɗannan ƙasashe ba, shi ya sake fasalta zanen Barth don a buga su cikin littafinsa mai juzu'i 5, wanda ya fito a 1857 da 1858. Ke nan siffar farko da mutanen Turai suka gani ta hasumiyar masallacin Agadas da duwatsun Azbin ta bi ta hannun mutum biyu kafin ta iso gare su.

Akwai wani abu da ya sami Barth a kan hanya wanda ya dace a ambata a nan, domin yana nuna matsayin baƙo a hamada. A watan Yuli na 1850, kusa da Gat, ya yi niyyar hawan dutsen Idinen, wanda mutanen wurin suke ɗauka mazaunin aljanu ne. Buzayen da ke tare da ayarin suka hana shi, ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ya kwana a fili, har ƙishirwa ta sa ya tsotsi jinin jikinsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi a bakin mutuwa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk wanda ya zo bayan Barth da kyamara sai da ya dogara ga irin wannan mutum mai sanin sawu da rijiya, ko ya ambaci sunansa a littafi ko bai ambata ba.

3. Gilashi, ruwa da 'yan dako

Dalilin da ya hana kyamara shiga tsakiyar Sahara a zamanin Barth yana cikin yadda ake ɗaukar hoton kansa. A bakin hamada aka fara gwadawa, watau a Masar, inda Kogin Nilu yake ba da ruwa da jirgin ɗaukar kaya. Daga 1849 zuwa 1851 wani Bafaranshe, Maxime Du Camp, ya bi kogin yana ɗaukar hotunan tsofaffin gine-gine a kan takardar da aka jiƙa da sinadarin azurfa, aka buga guda 125 daga ciki a 1852. Irin wannan takarda tana bukatar a bar idon kyamara a buɗe na tsawon mintoci, saboda haka duk abin da ya motsa, mutum ne ko raƙumi ko tsuntsu, sai ya zama hazo ko ya ɓace ɗungum. Wannan shi ne asalin farko na fili marar kowa. Mutum ɗaya da yake yawan fitowa a hotunan Du Camp shi ne wani ma'aikacin jirginsa, Alhaji Isma'ila, wanda yakan tsayar a jikin gini don mai kallo ya gane girman ginin. Du Camp da kansa ya ba da labarin yadda ya tsorata shi, ya ce masa bututun kyamarar igwa ce da za ta tashi in ya motsa. Watau an sa mutumin ƙasar a hoton ne a matsayin ma'auni.

A 1851 Frederick Scott Archer na Ingila ya fito da wata sabuwar hanya wadda ta fi sauri da fitar da hoto tangaran, amma ta fi nauyi. Akan zuba wani ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyon a kan faifan gilashi, a tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, a sa a kyamara, a ɗauki hoton, a komo a wanke shi, duka kafin gilashin ya bushe, watau cikin kamar minti 10 zuwa 15. Dole ke nan mai hoto ya yi tafiya da tanti mai duhu, da akwatunan gilashi, da kwalaben sinadari, da ruwa mai tsabta mai yawa. Francis Frith, wanda ya yi tafiya uku zuwa Masar da maƙwabtanta tsakanin 1856 da 1860, ya yi aiki da gilasai waɗanda wasunsu suka kai inci 16 a faɗi da 20 a tsawo. Ya faɗi yadda kolodiyon yake tafasa a kan gilashi saboda zafin tanti, abin da ba mamaki ba ne, domin sinadarin eta da ke cikinsa yana tafasa tun a awo 35 na ma'aunin zafi na santigired. Wani lokaci sai ya shige cikin tsofaffin kaburburan da aka sassaƙa a dutse don ya sami sanyi da duhu. Bugu da ƙari, wannan gilashi ya fi saurin kama launin shuɗi, don haka sararin sama yakan fito fari fat babu gajimare, wanda ya ƙara wa hamada kamannin wurin da babu rai.

Masu hawan duwatsu a wasu sassan duniya sun sha irin wannan wahala a daidai wannan zamani, kuma labarinsu ya fi bayyana yawan hannuwan da ke bayan hoto guda. A 1861 Auguste Bisson ya hau ƙwanƙolin Mon Bulan, dutse mafi tsawo a Turai ta Yamma, da 'yan dako 25 suna ɗauke da kayansa. Samuel Bourne, Baturen Ingila, ya shiga duwatsun Himalaya na Indiya sau uku daga 1863 zuwa 1866, kowace tafiya da gomman 'yan dako, har ya ɗauki hoto a mashigin Manirung mai tsawon ƙafa 18,600. A cikin rubuce-rubucensa bai ɓoye cewa ya doki waɗanda suka gudu daga aikin ba. Mai kallon hotunansa yana ganin dusar ƙanƙara da shiru, ba ya ganin wannan.

A kan dutse akan sami ƙorama, akan kuma narkar da ƙanƙara. A hamada kuwa kowace salka ta ruwa ran mutum ce. Gerhard Rohlfs, Bajamushen da ya ƙetare daga Tarabulus zuwa Ikko ta Kukawa da Bauci da Kafi tsakanin 1865 da 1867, ya tafi da mai hoto, Philipp Remelé, a tafiyar da ya yi cikin hamadar yammacin Masar a 1873 da 1874. Amma da aka zo shiga babban tekun rairayi, Remelé a dausayin Dahla ya tsaya, kuma mafi yawan hotunan da ya komo da su na dausayi ne da garuruwa da kewayensu.

4. Kyamara ta shiga tsakiyar Sahara

Abin da ya buɗe hanya shi ne busasshen gilashi. A 1871 wani likita a Ingila, Richard Leach Maddox, ya nuna cewa ana iya haɗa sinadarin azurfa da wani irin danƙo a shafa a gilashi ya bushe, a ajiye shi, a ɗauki hoto in an tashi, a wanke shi daga baya. Kafin 1880 kamfanoni sun fara sayar da irinsa a shirye. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da ƙaramar kyamarar Kodak mai naɗin filim na hoto 100. Daga nan tanti mai duhu da jarkokin ruwa suka fita daga kayan matafiyi, lokacin buɗe idon kyamara kuma ya ragu zuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Sai dai wannan sauƙi ya zo daidai da zamanin da Turawa suke rabon Afirka, saboda haka kyamara ta iso Azbin tare da bindiga. A watan Oktoba na 1898 wata runduna ta Faransa a ƙarƙashin Fernand Foureau da Kwamanda Lamy ta tashi daga Wargala a Aljeriya da sojoji kusan 300 da raƙuma wajen 1,000. Kafin su kai Iferwan a arewacin Azbin, a watan Fabrairu na 1899, raƙuma da yawa sun mutu, mutanen ƙasar kuma suka ƙi sayar musu da wasu. Suka yi watanni a maƙale, har suka ƙone wani sashe na kayansu. Da suka isa Agadas a ƙarshen watan Yuli, sai da suka tsare rijiyoyin garin kafin suka sami dabbobi da jagora. Suka shiga Damagaram a watan Nuwamba, suka wuce Tafkin Cadi, inda Lamy da Rabe suka mutu a yaƙin Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900. Littafin da Foureau ya buga a 1902 cike yake da hotunan kwazazzabai da duwatsu da zangon sojoji. Waɗannan hotuna suna da amfani ƙwarai ga mai nazarin ƙasa, amma wajibi ne mai karatu ya tuna cewa an ɗauke su ne a tsakiyar mutanen da suke guje wa rundunar, suna ɓoye dabbobinsu. Kwarin da ya fito babu raƙumi ko ɗaya, mai yiwuwa jiya-jiya aka kore su daga cikinsa.

Tafiya ta biyu da ta cancanci ambato ta bambanta da wannan. Hanns Vischer, haifaffen Basal a ƙasar Suwizalan, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya tashi daga Tarabulus a watan Yuli na 1906 don ya koma bakin aikinsa a Barno ta tsohuwar hanyar Murzuk da Bilma, ya isa yankin Tafkin Cadi a ƙarshen shekarar. Ayarinsa ya ƙunshi alhazai masu komowa daga Makka da 'yantattun bayi masu neman hanyar gida, kuma da yake yana jin Hausa da Larabci, labarin da ya buga a 1910 tare da hotuna ya ba waɗannan mutane wuri. Ya kuma faɗi abin da hoton tudun rairayi ba ya faɗi, watau ƙasusuwan bayin da suka mutu a kusa da rijiyoyin hanyar a zamanin cinikin mutane. Shekara biyar bayan tafiyarsa, a 1911, Italiya ta kama Tarabulus, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano daga kudu. Fataucin arewa ya durƙushe. Saboda haka hotunan Vischer sun kama wannan hanya ne a ƙarshen rayuwarta, bayan ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗauke da turkudi da fatun Kano zuwa bakin Bahar Rum.

5. Buchanan da kufan Azbin

Mutumin da ya fi kowa yaɗa siffar Azbin a ƙasashen masu jin Ingilishi shi ne Kyaftin Angus Buchanan, mutumin Sikotilan. Ya yi tafiyarsa ta farko a 1919 da 1920, daga Kano ta Damagaram da Damargu zuwa Agadas da duwatsun Bagzan, yana tara tsuntsaye da namun daji don gidan ajiyar Lord Rothschild da ke Tirin a Ingila. Littafin da ya buga a 1921 ya sa masa sunan da ke nufin wajen duniya, arewa da Nijeriya. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna yadda baƙo yake kallon wurin, domin ƙasar da ya kira wajen duniya ita ce wadda gishirin da Hausawa suke ba dabbobinsu yake ratsawa kowace shekara, kuma Hausa ce harshen ciniki a kasuwanninta tun kafin zuwan Barth.

Gaskiya ne Buchanan ya tarar da garuruwa da yawa a arewacin Azbin babu kowa, gidajen dutse a tsaye, lambuna sun bushe. Amma wannan yana da dalili, kuma dalilin bai fi shekara uku ba. Bayan yunwar 1913 da 1914, wadda Hausawa suke kira Kakalaba, da kuma ƙwace raƙuma da Faransawa suka riƙa yi don sufurinsu, Azbinawa suka yi tawaye a ƙarƙashin Kawusan, tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama. Suka kewaye barikin Faransawa a Agadas daga watan Disamba na 1916 har zuwa farkon Maris na 1917, sa'ad da wata runduna daga Damagaram ta karya su, Ingilishi kuma suka taimaka da sojoji daga Nijeriya. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane da yawa a Agadas, har da malamai, an kwashe dabbobi, an tashi mazauna arewacin duwatsun aka tara su a kudu inda za a iya sa musu ido. Wasu suka yi ƙaura zuwa Damargu da ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato. Buchanan bai ɓoye wannan a rubutunsa ba. Matsalar ita ce hoto yakan rabu da rubutun da ke bayaninsa, ya shiga jarida ko majigi shi kaɗai, mai kallo kuwa ya ga kufai ya ɗauka daji ne tun fil'azal.

A watan Maris na 1922 Buchanan ya sake tashi daga Kano, wannan karon da niyyar ƙetare Sahara gaba ɗaya, tare da mai ɗaukar hoton majigi T. A. Glover. A kaka ta wannan shekara suka bi ayarin gishiri daga gindin duwatsun Azbin, suka ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma. Wannan ayari na dubban raƙuma ne, kuma tsarinsa ya nuna irin ilmin da hamada take bukata. Babu ciyawa a hanya, don haka kowane raƙumi yakan tashi da damman harawa, a riƙa ajiye wasu a zango don komowa. Akan ɗauki gero da tufafin ƙasar Hausa a musanya da kantun gishiri da dabino, sa'an nan bayan an komo Azbin an huta, a gangara kudu da gishirin. Madugu shi ke gaba, yana auna hanya da taurari da rana da yanayin rairayi. In ya kuskure rijiya, ayarin duka ya halaka. Kyamarar Glover ta ga Tenere ne saboda ta bi bayan wannan mutum.

Tafiyar ta ƙare a Tugurt, a kudancin Aljeriya, a tsakiyar 1923, bayan kimanin mil 3,500. Daga cikin raƙuma fiye da 30 da aka tashi da su, ɗaya kaɗai ya kai ƙarshe, watau raƙumin hawan Buchanan, wanda sunansa na Hausa ne, Farin Gashi, shi ma kuwa a nan ya mutu. Daga cikin barorin da suka taso daga kudu, biyu ne suka kai, Ali da Sakari. An nuna majigin tafiyar a Landan a 1924. Sunan Buchanan ne a kan allon talla, kamar yadda aka saba.

6. Hoto a matsayin shaida

Duk da abin da aka faɗa, kuskure ne a yi watsi da waɗannan hotuna. Kyamara ba ta zaɓen abin da za ta kama a cikin filin da aka nuna mata, don haka takan adana abin da mai ɗaukar hoton bai ma kula da shi ba. Misali mafi bayyana daga Afirka ta Gabas yake. A 1906 Vittorio Sella, mutumin Italiya, ya ɗauki hotunan duwatsun Ruwenzori da ke kan iyakar Uganda da Kwango, ƙwanƙolinsu lulluɓe da ƙanƙara. Masana sun gwada hotunansa da na wannan zamani, suka tabbatar cewa mafi yawan ƙanƙarar nan ta narke. Sella kyan dutse ya je nema, amma abin da ya bari ya zama ma'aunin canjin yanayi.

Haka abin yake a Azbin da kewayenta. Littattafan Buchanan da hotunansa sun nuna jimina da ragon dutse da barewa a wuraren da yau da wuya a gan su. Mariri, wanda da yake yawo garke-garke a gefen hamada, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara maido da shi a ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. Jamhuriyar Nijar ta keɓe wani babban yanki na Azbin da Tenere a 1988 don kare namun daji, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991. Mai son ya san abin da aka rasa kafin a kai ga wannan mataki, tsofaffin hotuna suna cikin shaidunsa.

Babu abin da ya tattara wannan magana kamar itaciyar Tenere. Wata 'yar itaciyar ƙaya ce, dangin bagaruwa, wadda ta tsaya ita kaɗai a kan hanyar ayari tsakanin Agadas da Bilma, babu wata a kusa da ita tafiyar kwanaki. Da aka haƙa rijiya a gefenta a 1938 da 1939, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Matafiya da yawa sun ɗauki hotonta, kuma a kusan kowane hoto ana nuna ta a matsayin alamar kaɗaici. Amma tambayar da ta kamata a yi ita ce, yaya aka yi itaciya ɗaya ta rayu a hanyar da dubban raƙuma masu yunwa suke bi kowace shekara, da mutanen da suke bukatar itacen dafa shayi? Amsar ita ce ayari ya haramta wa kansa taɓa ta. Ba a barin raƙumi ya ci ganyenta, ba a karya reshenta, domin ita ce alamar hanya. Ke nan hoton da ake ɗauka na wurin da babu mutum, shaida ne na wata doka da mutane suka kiyaye zuriya bayan zuriya. Motoci ne suka kawo ƙarshenta. Hotunan da aka ɗauka bayan 1959 sun nuna ta riga ta rasa ɗaya daga cikin rassanta biyu, a 1973 kuma wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauke gangar jikinta zuwa gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Yamai, aka kafa wata ta ƙarfe a gurbinta.

7. Kammalawa

An ga yadda kyamara ta yi shekara wajen 60 kafin ta iya shiga tsakiyar Sahara, da yadda ta shiga a bayan raƙuman wasu, bisa jagorancin wasu, sau da yawa kuma a inuwar bindiga. An kuma ga cewa rashin mutane a hoto yana da dalilai dabam-dabam, kuma aikin mai nazarin tarihi ne ya gano wanne ne a kowane hoto. Tambayoyin da za su taimake shi ba su da wuya: a wace shekara aka ɗauki hoton, da wace irin na'ura, wa ya kai mai hoton wurin, me kuma ya faru a wannan ƙasa 'yan shekaru kafin zuwansa?

Akwai aikin da ya rage wa masu nazarin harshe da al'adu musamman. Mafi yawan waɗannan hotuna suna ajiye a ɗakunan karatu da gidajen tarihi na Turai, da yawansu kuma an rubuta musu bayani na gaba ɗaya kawai, kamar kwari a Azbin ko rijiya a hanya. Alhali kuwa kowane kwari da kowace rijiya suna da suna a Buzanci, wasu har da na Hausa da na Barbarci, kuma akwai labarin wanda ya haƙa da wanda ya mallaka. Waɗanda suka yi zamani da Kawusan sun riga sun ƙaura, amma jikokinsu da tsofaffin madugai suna nan a Agadas da Timiya da Damagaram da unguwannin Buzaye na Kano. Ya kamata jami'o'in Nijar da na Nijeriya su nemi kwafen hotunan, a kai su gaban waɗannan dattawa, a rubuta sunan kowane wuri da abin da suka ji daga iyayensu game da shi, tun suna da rai.